Abin da Na Daina Ci Saboda Ɗan Yaya

Zuwa ga Mijin Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta huta. Direban motar da ke kai muku kayan abinci ya ce jibi zai tashi, shi ya sa na fara rubutu tun yau, ka san hannuna tafiyar hawainiya yake yi. Tunda waya ba ta kamawa a dajin da kuke gina hanyar, sai ka yi haƙuri da shi.

Maigidana yana gaishe ka, yana nan yana fama da shagon askinsa. 'Yata Mai Kumatu ta fara rarrafe, amma da baya take yi, sai ta shige ƙarƙashin gado ta kama ihu. Ɗanka kuwa da ka bar mini yana jariri ja-wur, ya shiga wata na uku.

Maganar cikinsa ce ta sa na rubuto. Kwanakin nan ba ya samun natsuwa in ya sha nono. Sai ya banƙare, ya dunƙule hannu, ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Ƙuraje sun feso masa a kumatu da bayan kunne, kashinsa kore mai yauƙi. Na ɗauka irin na jarirai ne, sai ran nan ina wanke nafkin ɗinsa na ga jini, siriri kamar zare. Na tsaya a bakin famfo na kasa motsi. Ka san rabona da ganin jini tun ranar da Yaya ta haife shi ta tafi.

Mun je asibitin yara. Nas ɗin da ta duba shi mai faɗa ce, amma hannunta da sanyi. Ta auna shi, ta tambaye ni duk abin da nake ci daga safe zuwa dare. Ta ce a nonona yake samun abin da ke cutar da shi. Ta ce in bar madara da duk abin da aka sa wa madara, in dawo bayan sati biyu.

Ban san madara ta shiga ko'ina haka ba. Shayi dai na sani. Ashe har biskit, har bota, har burodin wasu gidajen. Yanzu in na shiga kanti sai in tsaya ina karanta bayan leda kamar mai jarrabawa, mai kantin yana hararata. Maigidana ya sa wa yaron Alƙali. Wai shi ke yanke hukuncin abin da za a dafa a gidan nan, kuma a nafkin yake rubuta hukuncin, ba a ɗaukaka ƙara. Sunan ya bi shi, har maƙwabciyarmu da ke riƙe mini su in na tafi aiki haka take kiransa.

Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa gajiya irin ta wannan watan ba. Baki biyu, ga aiki. A gidan kajin har yanzu ina ɗakin tantance ƙwai, ina ɗaga su ɗaya-ɗaya a gaban fitila ina neman mai tsaga. Wani lokaci sai in ga na daɗe riƙe da ƙwai ɗaya, ban san me nake dubawa ba. Amma ba komai. Goshinsa na Yaya ne sak, har da yadda take haɗe gira in za ta yi atishawa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai zafin murhu. Ki gaida mijinki da Mai Kumatu. Takardarki ta same ni a bayan kicin ina jiran shinkafar ma'aikata ta tsotse, kuma ranar dai ƙonanniya suka ci.

Wajen jinin na karanta ban san sau nawa ba. Sai inda kika ce a nononki yake samun abin da ke cutar da shi, sai inda kika ce kin gaji. Na gane, Auta. Ku 'yan gidanku ba ku faɗin abu kai tsaye in kun san zai yi wa mutum nauyi, haka yayarki take. Ranar da muka dawo daga rufe ta na miƙa miki yaro ban tambaye ki ba, ban tambayi mijinki ba, don kawai kina da ruwan nono. Wanda ya ɗora wa mutum kaya shi ya kamata ya lura in wuya ya fara karkacewa. Ban lura ba, ki yafe ni.

Direba zai sauke miki kwali guda na madarar jarirai ta gwangwani, mai kyau ce, na sa an zaɓo. Na kuma aika wa babbar yayata, gwaggon yaron. 'Ya'yanta sun girma, gidanta shiru, kuma tun farko ta ce a ba ta shi. Za ta zo ƙarshen wata ta ɗauke shi. Kafin nan ki fara saba masa da fida, don kada rabuwar ta yi masa tsanani.

Autar da na sani, wadda in ta zo gidanmu sai na ɓoye tukunya a bayan ƙofa, ita ce yau take karanta bayan leda? Ki koma ki ci abincinki. Kin yi abin da ba kowa zai yi ba.

Yayanki,
Kuku

*

Zuwa ga Mijin Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Allah ya sa kai ma haka.

Kwalin ya iso. Direba ya dire shi a ƙofar ɗaki yana ta murmushi, shi a ganinsa abin arziki ya kawo. Na karanta takardarka a tsaye. Sannan na zaro gwangwani ɗaya na juya bayansa, tunda yanzu sana'ata ke nan. Madarar shanu ce, Kuku. Ita ce ke sa shi zubar da jinin. Ɗan abin da ke ratsa jikina ya kai gare shi ne ya yi masa haka, ina ga an dama masa ita cikin fida an ɗura masa? Da na bi maganarka da yanzu muna kwance a asibiti.

Ban ga laifinka duka ba. Ni ce ban iya tsara magana ba, aji nawa na yi. Nonona ba shi da komai. Abin da na ci ne yake bi ta ciki ya same shi, in na bar cin abin, nonon ya zama nasa lafiya lau. Nas ta ce ba shi da abincin da ya fi wannan.

Amma maganar gajiyar ta yi mini ciwo. Na ce na gaji, to wa zan faɗa wa? Da Yaya nake faɗa wa. Ita in na ce mata na gaji sai ta ce in zauna in miƙe ƙafa. Ba ta cewa in sauke kayan ta kai wa wani. Ka ce ba ka tambaye ni ba ranar da ka miƙo shi. Ba ka miƙo shi ba. Ni na ɗauke shi daga hannunka, ka manta ne. Yanzu ne ba ka tambaye ni ba.

Ga labarinsa. Tun da na bar madara kukan ya ragu, ƙurajen sun fara bushewa. Amma shekaranjiya na sake ganin ɗan jini, kaɗan dai. Don haka na bar ƙwai, na bar gyaɗa, na bar kifi da wake, burodi ma na bar shi gaba ɗaya. Shinkafa nake ci da dankali da ganye. Fasassun ƙwan da ake ba mu a wajen aiki maƙwabciya nake miƙa wa, ta ce Allah ya ja zamanin Alƙali. Ba nas ce ta ce in yi haka ba, ni na ga gara in rufe duk ƙofofin lokaci guda.

Ka aika wa Gwaggo kada ta wahalar da kanta. Ba ni da komai da ita, mutuniyar kirki ce, kuma na san ɗan ƙaninta ne. Amma a gidanta me zai sha? Ka amsa mini wannan kafin ka ba kowa shi.

Kwalin yana saman kabad. In direba ya dawo zan ba shi ya mayar maka.

Auta

*

Zuwa ga Mijin Yaya,

Assalamu alaikum. Shiru ba amsa. Da farko na ce fushi ka yi, har na kwana ina tuna kalmomin da na rubuta. Sai maigidana ya ji a shago wai ruwa ya cinye gadar da ke kai wa wajenku, mota ba ta shiga ba ta fita. Ke nan takardata tana aljihun direba, ko kai ba ka gani ba balle Gwaggo. Allah ya sa kuna da abin ci a can. Wannan zan ajiye ta har hanya ta buɗe.

Gwaggo ta zo. Ta zo da jakarta da sabon bargo na jarirai da fida a cikin ledarta. Ta zo a mummunar rana, domin ranar aka dawo da ni daga aiki. Na ɗauki kiret ɗin ƙwai zan kai kan tebur, sai ɗakin ya juya, na farka a ƙasa ana yayyafa mini ruwa. Ta same ni kwance a kan tabarma, yaran biyu suna hawa kaina. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ke ce mai shayarwar ko ke ake jinya?"

Na shirya faɗa, amma ba ta ba ni inda zan kama ba. Na yi mata bayanin madarar gwangwanin, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta yanke hukunci a kan abin da ba ta sani ba, gobe mu je wajen nas ɗin tare.

Nas ta auna mu mu uku. Alƙali ya ƙaru, Mai Kumatu tana nan inda take tun awon baya, ni kuwa da na hau sikelin sai ta cire tabarau ta dube ni. Da na lissafa mata abin da na bari, ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina makaranta. Ta ce madara kaɗai ta ce in bari, kuma jinin ba ya ɗaukewa rana ɗaya, hanji sai ya warke a hankali. Yanzu da na cire komai lokaci guda, ta yaya za a gane mai laifi da marar laifi? Ta ce in dawo da su ɗaya bayan ɗaya, in bar 'yan kwanaki tsakani ina duba fatarsa da nafkin ɗinsa, madara kawai ce ba zan taɓa ba. Ta ba ni ƙwayoyi na ƙarfin ƙashi a madadinta.

Ta tambaye ni me ya sa na yi wa kaina haka. Kai zan gaya wa dalilin. Ranar Yaya ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin haihuwa, ana shiga ana fita, ba wanda ya ce in yi wani abu. Wannan karon an ce in bar abu ɗaya yaro ya samu sauƙi. Sai na yi ta bari.

Gwaggo ta tambaya ko akwai madarar da irinsu ke sha. Nas ta ce akwai ta musamman, amma a nan yau a samu gobe a rasa, kuma yara da yawa suna tofar da ita don ɗaci. Sai Gwaggo ta nuna ni da baki ta ce jikin nan zai iya da biyu? Nas ta ce mace mai ci mai hutawa tana iyawa, amma yadda nake yanzu, ga aiki, ba za ta yi mana alkawari ba.

A hanya Gwaggo ta ce dole ɗaya ya sauka. Na san wanda take nufi. Da muka iso gida na zauna ina kallonsu. Mai Kumatu tana zaune tana cin dankalin da ta tsinta a kwanona, ita ko takalmi ka ba ta za ta gwada. Tana da haƙora biyu, tana cin abin cokali, madara ba ta yi mata komai. Ita ƙofofinta da yawa. Shi tasa ɗaya ce.

Bayan maigidana ya rufe shago na faɗa masa ita zan yaye. Ya daɗe yana goge almakashinsa da ya riga ya goge. Sannan ya ce, "Wato 'yata ce za ta biya." Na ce e, ita ce. Sai ya fita. Da safe na tashi na tarar ya sauko da kwalinka daga saman kabad, yana karanta yadda ake damawa, yana motsa baki.

Gwaggo ta ce za ta zauna ta taya mu yayen. Ba ta ce ta fasa ɗaukarsa ba, ta ce maganar tana hannunka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an gyara gadar. Mun yi kwanaki muna cin shinkafa da gishiri, har injiniyoyi sun daina yi mini tsiya a kan miya. Takardunki biyu tare suka zo. Na karanta ta farko na ji kamar in shige cikin tukunya in rufe. Ta biyun kuwa sai da na fita bayan tanti.

Ni da nake auna gishirin mutane kullum, na aika wa ɗana abin da zai kwantar da shi. Kin yi gaskiya, ke kika ɗauke shi daga hannuna. Na tuna yanzu.

Na rubuta wa Gwaggo, yaro yana wajenki. Amma ina roƙonki abu ɗaya. In ba ki riga kin yaye Mai Kumatu ba, ki dakata. Ki bar aikin na ɗan lokaci, ni zan tsaya. Ba na so yarinyar nan ta girma a ce an cire ta daga nonon uwarta saboda ɗana. Ban san da wane ido zan kalli mijinki ba. Ki gaya masa na rasa abin da zan ce masa, shi ya sa ban rubuto masa tasa daban ba.

Na shiga sito na bi kayanmu ɗaya-ɗaya ina karanta bayansu. Ki kula da garin miyar nan na leda da naman gwangwani, wasu da madara a ciki. In lokacin dawo da kifi ya yi, ki nemi ƙananan nan busassu, ki daka su har ƙayar ki zuba a miya, sun fi manya amfani ga ƙashi. Iyakar abin da na iya ke nan daga nan.

Na nemi hutu, sun ce sai an gama wannan ɓangaren hanyar.

Yayanki,
Kuku

*

Zuwa ga Mijin Yaya,

Assalamu alaikum. Mun ji daɗin jin kuna lafiya. Mu ma lafiya, jirin ya daina, na koma aiki, sun ba ni kujera a gaban fitilar.

Roƙonka ya zo a makare, an riga an yi. Kuma kada ka ce saboda ɗanka ne kawai, ɗan Yaya ne. Aikin ma ba zan bari ba, in na zauna a ɗaki tunani zai cinye ni.

Yayen bai zo da sauƙi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Mai Kumatu ta yi fushi da ni. In na miƙa mata hannu sai ta juya kai ta miƙa wa Gwaggo. Abin da ya fi wuya shi ne ta gan shi a cinyata yana sha, ta rarrafo ta kama zanina ta miƙe, ta tsaya tana kallo, ba kuka. Gara ta yi kukan. Ubanta ne ya fara tafiya da ita shago da safe. Yanzu a can take shan madararta, a kan benci, masu jiran aski suna yi mata hira. Ta ƙaru a awon da aka yi mata. Jiya ta yarda ta yi barci a bayana. Saƙonka na faɗa masa, ya ce in ka zo ka zauna ya aske maka wannan sumar, shi ke nan maganar da ke tsakaninku.

Alƙali ya wanke wake daga laifi, ya wanke gyaɗa, ya wanke burodin da ba madara. Kifin na daka yadda ka ce, shi ma ya wuce. Ƙwai kuwa da na ci, washegari kumatunsa suka yi ja, don haka na sake ajiye shi zuwa gaba. Biyu ke nan, madara da ƙwai, kuma wannan ba komai ba ne. Jini ba mu ƙara gani ba. Yana dariya yanzu, da ƙarfi, in an hura masa ciki.

Gwaggo ta tafi. Ta bar masa bargon. A bakin mota ta tambaye ni har zuwa yaushe, na ce har ya iya shan abin da kowa ke sha. Ta ce to, Allah ya kai mu.

Na tambayi nas ko haka zai zauna. Ta ce a'a, yawancinsu cikinsu yana ƙwari, wani kafin shekara, wani sai ya ɗan wuce, sai ka ga suna shan madara kamar ba a yi ba. Na yi murna a gabanta, kuma murnar gaskiya ce, wa zai so wa yaro ciwo. Amma a hanyar gida ina goye da shi sai wani tunani ya zo mini. Yanzu ina da dalilin riƙe shi da ba mai iya musa mini. Ranar da ya warke ba ni da shi.

Don haka ga abin da nake roƙo tun da sauran lokaci. In ranar ta zo, ya sha madara ya kwana lafiya, ni da kaina zan rubuto maka, ba zan ɓoye ba. Amma kada ka yanke komai daga nesa, kada ka aiko kowa. Ka zo da ƙafarka, ka zauna a ɗakin nan, ka tambaye ni.

Ƙanwarka,
Auta